Zaɓen Makarantar Koyon Aikin Jinya: Abin Dubawa Kafin a Sayi Fom

Aikin jinya a Najeriya sana'a ce mai ƙofa ɗaya. Komai yawan makarantun da ke tallata kansu a rediyo da allunan bakin titi, doka ba ta yarda kowa ya amsa sunan nas ko ungozoma ba sai wanda Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda aka fi sani da NMCN, ta yi wa jarrabawa, ta shigar da sunansa rajista, ta ba shi lasisi. Majalisar ta samu siffarta ta yanzu ne a 1979, lokacin da aka haɗe hukumar nas-nas da ta ungozoma wuri guda. Ita ke tantance makarantu, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace za ta ɗauka, ita kuma ke shirya jarrabawar ƙarshe. Saboda haka duk wani lissafi na zaɓen makaranta daga nan yake farawa: shin wannan makaranta za ta kai ɗalibi ɗakin jarrabawar majalisar, ko kuwa a hanya za ta bar shi?

Hanyoyin da ke kai wa ga lasisin sun kasu, kuma kowace da tsawonta da abin da take bayarwa. Tsohuwar hanya ita ce makarantar jinya da ke jingine da asibiti, inda ake yin shekara 3 a fito da shaidar RN, wato nas mai rajista. Yawancin manyan nas-nas da ke riƙe da asibitocin Arewa a yau ta nan suka biyo. Matsalarta ita ce shaidar ta sana'a ce kawai, ba ta da matsayin difloma ko digiri a tsarin ilimi na ƙasa, kuma mai ita ba ya zuwa hidimar ƙasa. Wannan ne ya sa a 'yan shekarun nan ake mayar da waɗannan makarantu kwalejojin kimiyyar jinya, masu ba da ND da HND a cikin shekara 4, ƙarƙashin kulawar hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna tare da majalisar. Ɗalibin wannan tsari yana shiga ta JAMB, yana rubuta jarrabawar RN a cikin karatun, ya fita da babbar difloma. Hanya ta uku ita ce jami'a, inda ake yin shekara 5 a samu digirin BNSc, sannan shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan hidimar ƙasa. Jami'ar Ibadan ce ta fara koyar da jinya a matakin digiri a 1965, yanzu kuma akwai kwas ɗin a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri, da wasu da dama.

Babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ta dace da kowa. Digiri ya fi faɗin gaba: mai shi na iya wucewa digiri na biyu da na uku, ya koyar a jami'a, kuma yana shiga aikin gwamnati a mataki mafi girma. Amma ya fi tsawo, gasar shigarsa ta fi zafi, yajin aikin malaman jami'a kuma ya sha ƙara wa shekara 5 ɗin watanni masu yawa. Kwaleji ta fi saurin kai mutum ga albashi, kuma ɗalibanta kan fara taɓa marar lafiya tun da wuri, alhali ɗan jami'a yana shafe shekararsa ta farko a kan kimiyyar gama-gari, ta biyu kuma a kan sanin sassan jiki da yadda suke aiki. Wanda ya fara da RN bai rufe wa kansa ƙofar digiri ba. Akwai shiga kai tsaye zuwa aji biyu a jami'a, akwai kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa da ke karɓar nas-nas masu rajista suna aiki suna karatu. Gidan da ke jiran ɗa ko 'ya su fara tallafa wa ƙanne ba laifi ba ne ya zaɓi gajeriyar hanya, muddin an san cewa akwai sauran tafiya a gaba.

Akwai kuma karatun ungozoma na asali, na shekara 3, wanda ke ba da shaidar RM, wato ungozoma mai rajista, da gajeren tsarin ungozoma ko jinya na karkara, na shekara 2, wanda aka yi domin cike giɓin ƙananan asibitocin ƙauyuka. Lasisin wannan na ƙarshe yana da iyaka, kuma mai neman sa ya kamata ya san hakan tun farko.

A nan ne ake yawan ruɗuwa, don akwai makarantun da suka yi kama da na jinya alhali ba su ba ne. Kwalejin fasahar kiwon lafiya, wadda ke horar da jami'an lafiyar al'umma da ake kira CHEW, makaranta ce ta halal, aikinta kuma mai daraja ne, domin waɗanda ta yaye su ne ƙashin bayan asibitocin matakin farko. Sai dai wata hukuma daban ce ke yi musu rajista, kuma takardarsu ba ta mai da mutum nas. A ƙauye duk mai farin kaya da allura a hannu nas ake ce masa, amma a wurin ɗaukar aiki ba haka abin yake ba. Mafi muni shi ne horon da wasu asibitoci masu zaman kansu ke yi wa 'yan mata da sunan mataimakan nas: a karɓi kuɗi, a sa su aiki shekara biyu ko uku, a yi musu bikin yaye da takarda mai hatimi. Majalisar ba ta san da wannan takarda ba, kuma babu wata jarrabawa da za ta mayar da ita lasisi.

Ko a cikin makarantun jinya na ainihi, tantancewa tana da matakai da ya kamata a fahimta. Majalisar tana wallafa jerin makarantun da ta amince da su a shafinta na intanet, kuma wannan jerin ne abin dogaro, ba abin da aka rubuta a jikin fom ba. Amincewar kwas-kwas ake yin ta: makaranta na iya samun izinin koyar da ungozoma ba ta da na jinya. Jami'a na iya kasancewa da cikakkiyar rajista a hukumar jami'o'i ta NUC, amma sashenta na jinya bai samu amincewar majalisar ba tukuna, kuma a wannan hali ɗalibi zai iya kaiwa aji huɗu ba shi da damar rubuta jarrabawar sana'a. Amincewar kan zama ta wucin gadi ko cikakkiya, ana kuma iya janye ta. Kalmar da ya kamata ta tsayar da uba kafin ya zaro kuɗi ita ce "muna kan hanyar samu". Makarantar da ke kan hanya ba ta iso ba.

Sannan akwai batun adadi, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba sai ya ci su. Kowace makaranta tana da iyakar ɗaliban da majalisar ta yarda ta ɗauka a zango, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da gadajen asibitin da take amfani da shi. Ɗaliban da ke cikin wannan adadi ne kawai ake shigar da sunansu rajistar ɗalibai ta majalisar a ba su lamba, kuma ba mai rubuta jarrabawar ƙarshe sai da lambar nan. Makarantar da ta ɗebi ninkin adadinta, ko dai ta zubar da rarar a jarrabawar share fage, ko ta ajiye su suna jiran layi shekara bayan shekara. A makarantun asibiti an saba da zangon gwaji na kimanin wata 6 da ake kira PTS, kuma a ƙarshensa ne ake tace waɗanda za su ci gaba. Tacewar kanta ba aibu ba ce, don aikin da ya shafi rai ba ya son sakaci. Abin ƙi shi ne a karɓi kuɗin mutum ɗari uku alhali an san gurbin mutum ɗari ne. Tambaya biyu ke fito da gaskiyar wannan: mutum nawa aka ɗauka bara, kuma nawa ne daga cikinsu suka samu lambar majalisa? Ɗaliban da ke ciki sun fi ofishin shiga sanin amsar.

Bayan takardu, abin da ya fi kowane nauyi shi ne asibitin da makarantar ke kai ɗalibanta. Jinya ba a allo ake ƙware ta ba. A aji ana koyon sunayen ƙasusuwa da lissafin magani, a ɗakin gwaji ana koyon sa allura a jikin mutum-mutumin roba, amma neman jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse, ko gane cewa numfashin tsoho ya canza kafin na'ura ta nuna, ko tsayawa kan mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, waɗannan sai a gefen gado, a ƙarƙashin idon nas da ta daɗe tana yi. Shi ya sa makarantun da ke cikin asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, suke da farin jini: ɗalibi yana zagaya sashen tiyata, da na yara, da na haihuwa, da na gaggawa, da na masu ciwon ƙoda, duk a haraba guda. Kwalejojin jihohi su ma suna da nasu ƙarfin, domin manyan asibitocin gwamnatin jiha cike suke da marasa lafiya, hannu kuma ya yi kaɗan, don haka ɗalibi yakan samu damar yin aiki da hannunsa fiye da a wurin da likitoci masu neman ƙwarewa suka yi yawa. Tsofaffin makarantun mishan, kamar ta Wusasa a Zariya da ta Saint Gerard a Kakuri, sun daɗe a wannan fage.

Abin tsoro shi ne sabuwar makaranta mai ginin bene da fenti mai sheƙi, wadda ba ta da asibitin kanta, sai yarjejeniya da wani asibiti mai nisa inda makarantu huɗu ko biyar ke turo ɗalibai a lokaci guda. A irin wannan wuri ɗalibai ashirin kan kewaye gado ɗaya, na baya ba ya ganin komai sai ƙeyar na gaba. Mai neman makaranta ya dace ya je da ƙafarsa, ya ga asibitin, ya tambayi nisansa da ɗakin kwanan ɗalibai, da wanda ke biyan kuɗin mota, da yadda ake yi da aikin dare. Ya tambayi haihuwa nawa ɗalibar ajin ƙarshe ta karɓa da hannunta. Ya kuma tambayi malamai nawa ne na dindindin, domin akwai makarantun da ke aro malamai da kayan aiki ranar da masu tantancewa za su zo. Sakamakon makarantar a jarrabawar majalisar cikin 'yan shekarun baya shi ne ma'auni mafi adalci, tunda jarrabawa ɗaya ce ga kowa, daga Legas har Damaturu. Makarantar da ke alfahari da sakamakonta ba ta ɓoye shi.

Duk wannan bincike ba shi da amfani idan takardun ɗalibin ba su cika ba. Sharaɗin ba ya canzawa: kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu na WAEC ko NECO, wasu jami'o'in ma zama ɗaya suke so. A JAMB kuwa darussan su ne Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Fiziks kan kayar da masu sha'awar jinya, kuma gyara shi kafin sayen fom ya fi sauƙi da arha a kan shiga da fatan za a gyara daga baya. A 2025 JAMB ta sa maki 150 a matsayin mafi ƙaranci ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin kimiyyar jinya, amma wannan ƙasan rijiya ne kawai. Jinya na cikin kwasa-kwasan da aka fi rububi a ƙasar, tana gogayya da likitanci da harhaɗa magunguna, kuma makin da ke samar da gurbi a zahiri ya ɗara wannan nesa ba kusa ba, musamman a manyan jami'o'i.

Daga nan ne dabarar rarraba nema take shigowa. Fom ɗin JAMB yana ba da damar zaɓen makarantu fiye da ɗaya, amma a kwas mai cunkoso kamar jinya, makarantu ba sa waiwayar wanda bai sa su a zaɓin farko ba. Zaɓin farko shi ne zaɓi na gaske, kuma bai kamata a ɓata shi a kan suna kawai ba. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimi. Ɗan Jigawa ko Zamfara mai matsakaicin maki ya fi kusa da samun gurbi a jami'ar yankinsa a kan wata mai nisa da ba ta lissafa jiharsa a yankinta. Kwalejojin jihohi kuwa 'yan asalin jiha suke fifitawa, a gurbi da kuma a kuɗin makaranta, shi ya sa takardar shaidar ƙaramar hukuma take da muhimmanci. Kano na da makarantarta ta jinya a Madobi da ta ungozoma a Dambatta, Jigawa na da Birnin Kudu da Haɗeja, Kaduna na da Kafanchan, Katsina na da ta cikin birni da ta ungozoma a Malumfashi, Yobe na da Kwalejin Shehu Sule a Damaturu. Tsari mai ma'ana shi ne ɗalibi ya riƙe wuri guda da yake buri, da wuri guda ko biyu da makinsa da jiharsa suka ba shi ƙarfi a cikinsu. Idan sakamakon JAMB ya fito ƙasa da yadda aka zata, akwai damar canza makaranta a hukumance, kuma yin hakan da wuri ya fi zaman jiran sunan da ba zai fito ba. Abin lura kuma, jami'a kan ba wanda bai samu jinya ba wani kwas daban, a ce masa zai iya komawa bayan shekara guda. Komawar tana da wuya ƙwarai, saboda adadin da majalisar ta ƙayyade ya riga ya cika.

Kuɗi kuma a lissafa shi har ƙarshe, ba na shekarar farko kaɗai ba. Bayan kuɗin makaranta akwai na ɗakin kwana, da yunifom, da kayan aiki irin su abin awon hawan jini da na sauraren ƙirji, da kuɗin rajistar majalisa da na jarrabawarta, da na zuwa horo a wasu garuruwa, domin ɗaliban jinya kan je asibitin masu taɓin hankali da kuma ƙauye don aikin lafiyar al'umma. Tsakanin makarantar gwamnati da ta kuɗi tazarar tana da faɗi ƙwarai, kuma tsada ba ta nuna inganci. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, ɗaliban makarantun gwamnati yake ba wa, don haka mai shiga makarantar kuɗi kada ya sa shi a lissafinsa. Ɗalibin da kuɗi ya yanke masa a aji uku ya yi asarar da ta fi ta wanda ya jira shekara guda ya shiga inda iyayensa za su iya ɗauka.

Ga 'ya mace, wurin da makarantar take yakan yanke hukunci kafin komai. Karatun jinya yana da aikin dare da na ƙarshen mako, kuma iyaye ko miji da suka amince da karatun amma ba su san da wannan ba, rigima na jiran su a gaba. Gara a yi maganar tun kafin a sayi fom: ina za ta kwana, akwai katanga da mai gadi, yaya tsarin makarantar yake game da aure da juna biyu da shayarwa, wace irin sutura aka yarda da ita a asibiti. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga Arewa, inda mata da yawa ba sa sakin jiki a ɗakin awo ko na haihuwa sai da mace, kuma ƙarancin ma'aikatan lafiya mata yana cikin dalilan da ke sa a haihu a gida ko da an ga alamar haɗari. Shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta tallafa daga 2012, ya kafa ajin share fage a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe domin 'yan matan karkara su gyara kiredit ɗinsu su shiga makarantun lafiya, kuma ya nuna cewa idan aka samar da masauki mai aminci da wurin renon yara, iyaye da mazaje suna yarda. Maza su ma suna da gurbi babba a sana'ar, kuma ana matuƙar bukatarsu a sashen maza, da tiyata, da gaggawa, da asibitocin ƙwaƙwalwa.

Masu tunanin ƙetare iyaka suna da ƙarin abin dubawa. Wanda ya yi karatun jinya a wata ƙasa ba ya fara aiki a Najeriya da takardarsa kai tsaye. Sai an tantance ta, ya yi zangon daidaitawa a makarantar da majalisar ta amince da ita, ya ci jarrabawarta. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni shida. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 kuma ya dawo da ɗaliban lafiya masu yawa gida da karatu a tsakiya. Wanda kuma burinsa ya yi karatu a gida ya fita aiki Ingila ko Saudiyya, shi ma lasisin majalisar ne jarinsa, domin hukumomin can wurinta suke neman tabbaci, kuma suna neman cikakken bayanin darussa da sa'o'in aikin asibiti daga makarantar da ta yaye shi. Makarantar da ba ta adana bayanan ɗalibanta da kyau tana iya tsayar da mutum shekaru bayan ya bar ta.

Zaɓen farko ba ya ɗaure mutum a fanni guda. Bayan RN akwai kwasa-kwasan ƙwarewa na shekara guda zuwa shekara guda da rabi: jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, jinyar kunne da hanci da maƙogwaro a Cibiyar Kunne ta Ƙasa a can Kaduna, jinyar ƙashi a asibitin Dala da ke Kano, jinyar ƙwaƙwalwa a asibitin Barnawa, da na tiyata da sa barci da jinyar yara a asibitocin koyarwa. Dukkansu lasisin farko suke tambaya, ba su damu da ko daga babban birni aka samo shi ko daga ƙaramin gari ba.

Saura batun sayen fom ɗin kansa. Lokacin ɗaukar ɗalibai lokaci ne na 'yan damfara, kuma sun fi yawa a Facebook da WhatsApp, inda suke sa sunan makaranta ta gaske da lambar waya da asusun banki na mutum ɗaya, su ce fom ya kusa ƙarewa. Makarantar gwamnati ba ta karɓar kuɗi ta asusun wani mutum, kuma sanarwarta tana fitowa a shafinta ko a allon sanarwa na harabarta. Duk gurbin da ya bi ta JAMB sai ya bayyana a manhajarta ta CAPS ɗalibi ya karɓa da kansa. Gurbin da aka ce an samo ta bayan fage, ba ya cikin manhajar, zai dawo ya hana mutum zuwa hidimar ƙasa. Sunan da ke kan lambar NIN, da na JAMB, da na WAEC ko NECO, da ranar haihuwa, dole su zama iri ɗaya harafi da harafi, domin da su majalisar za ta buɗe wa ɗalibi rajista, kuma gyaran suna bayan an ba da lamba aiki ne mai cin watanni.